Kada Wanda Ya Sake Ce Min "Ana Gini"

Grimsby. Ku ɗan maimaita sunan a bakinku ku ji. Wallahi da jiya da la'asar ka tare ni a hanya ka ce min Grimsby, cewa zan yi sunan sabon maganin sauro ne. Ƙungiyar da ke rukuni na huɗu a Ingila, daga wani garin masunta a bakin teku, ita ce ta yi waje da Manchester United daga kofin Carabao jiya da dare, 27 ga Agustan 2025, tun a wasanmu na farko. To wannan duk kun gani, ba sai na ba ku labari ba. Mu da muka sha bakwai da nema a hannun Liverpool a Anfield a 2023, wace irin kunya ce kuma ta rage da ba mu ɗanɗana ba?

Abin da ya hana ni barci wani yaro ne. Muna fitowa daga gidan kallo a nan Tudun Wada, ana yayyafi, kowa ya sunkuyar da kai yana laluben takalminsa a bakin ƙofa, sai wani matashi sanye da jar riga sabuwa fil, wanda na tabbata lokacin da tsohon kocinmu Ferguson ya yi ritaya ko firamare bai gama ba, ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaya, a yi haƙuri, ana gini ne."

Ana gini.

Na dube shi, na dubi hannunsa a kafaɗata, na ce masa, "Ƙanina, Allah ya yi maka albarka, tafi gida." Don in na buɗe baki a wurin, sai an kira mai unguwa.

Wane irin gini ne wannan da shekara goma sha biyu bai kai linta ba? Ku je Rigasa, ku je Hayin Rigasa, ku je bayan Kawo. Talaka mai albashin da bai taka kara ya karya ba, yana tara bulo goma yau, buhun siminti ɗaya wata mai zuwa, a cikin shekara goma sha biyu ya yi rufi, ya sa ƙofa, ya tare, har ya yi suna biyu a gidan. Mu kuwa tun 2013 da Ferguson ya tafi muke a fandisho, ana ta canza mana koci. Moyes ya zo, aka ba shi kwantiragin shekara shida, wata goma aka sallame shi. Van Gaal ya zo ya ce zanen gidan ne ba daidai ba, ya rushe, ya ci kofin FA a 2016, kwana biyu tsakani aka nuna masa ƙofa. Mourinho ya zo da nasa birkilolin. Solskjaer ya zo da murmushi da labarin 1999. Rangnick ya leƙo na 'yan watanni, ya faɗa musu gaskiya cewa ciwon ƙungiyar sai an yi mata tiyatar zuciya, suka ce Allah raka taki gona. Ten Hag ya cika mana gida da yaransa na Ajax. Sai ga Amorim a 2024 da tsarinsa na 'yan baya uku, ko ana ruwa ko ana rana, ko da wa ake wasa, uku ne dai. Kowane magini ya zo sai ya rushe na wanda ya gabace shi, ya ce a kawo sabon bulo, mu kuma 'yan kallo a ce mana mu yi haƙuri, ana gini.

Kuma don Allah ku lura da abin dariyar: filin wasan kansa yoyo yake. Ba habaici nake ba. Ranar da Arsenal ta ci mu a Old Trafford a watan Mayun 2024, duniya ta ga ruwa yana kwarara daga rufin filin kamar an fasa tanki. Mutanen da suka kasa toshe kwanon gidansu, su ne za su gina mana ƙungiya.

Jiya fa kafin a yi minti talatin da ɗaya an zuba mana biyu. Ta farko ta wuce golanmu Onana ta gefen turken da yake tsaye, wurin da ko golan layinmu ba ya bari a ci shi. Ta biyu ya fito ya kai wa ƙwallo hannu kamar mai korar ƙuda, ta faɗo gaban yaron da a makarantar horon United ɗin ya taso, ya tura ta raga. Kociyanmu kuma yana zaune cikin rumfa yana jujjuya 'yan maɓallai a kan allo kamar mai buga dara a gindin bishiya. Mbeumo ya farke ɗaya, Maguire ya farke ta biyu ana dab da tashi, gidan kallo ya kaure da ihu, har wani ya ture benci. Ni ban tashi ba. Na ce a raina, yau ga mu muna tsalle don mun yi kunnen doki da Grimsby. Sai fenareti. Cunha ya samu damar gama magana ya miƙa wa gola ƙwallo a hannu kamar saƙo. Sesko da aka sayo don ya ci ƙwallo, shi ne na goma a layi, 'yan baya duk sun riga shi. Aka zagaye kowa har masu tsaron raga, aka dawo farko, Mbeumo ya daki ƙarfen sama. 12 da 11. Cunha da Mbeumo da Sesko, kusan fam miliyan 200 a bazarar nan kaɗai. Ku buga wannan a naira in wayarku za ta iya ɗaukar sifirin.

Na san abin da za ku rubuta a ƙasa, don haka ku huta. "Ai Ferguson ma sai da ya shekara kusan huɗu kafin ya ci kofi." Na ji. Ya zo 1986, ya ci kofin FA a 1990. Wannan karatun mun haddace shi, an karanta mana shi a kan Moyes, an karanta a kan Solskjaer, an karanta a kan Ten Hag. Duk wanda ya zo shi ne sabon Ferguson har ranar da za a kore shi. "Ai Arteta ma an yi masa haƙuri." Ku je ku tambayi 'yan Arsenal ɗin ko haƙurin ya kawo musu Firimiya, daga 2004 har zuwa 2025 suna ta jira, su ma nasu ginin ne, sai dai su aƙalla sun yi filasta. "Ai kofin Carabao ne, ba shi da daraja." To wanne muke bugawa mai darajar? A kakar 2025/26 ko gasar Turai ɗaya ba ma ciki. Mun ƙare kakar 2024/25 a na 15 da maki 42, an ci mu wasa 18, muka je Bilbao Tottenham ta ɗauke kofin Europa a gabanmu da ci ɗaya, Tottenham da ta shekara goma sha bakwai ba ta taɓa kofi ba. Mai yunwa ne yake cewa tuwon jiya ba shi da daraja?

Sai masu cewa "in ka gaji ka canza ƙungiya." Ku ba zan ma amsa muku ba. Wanda ya fara kallon ƙwallo a waya ba zai gane ba.

Ni a 1999 na shiga wannan wahalar. Kawuna ne ya riƙe hannuna ya kai ni gidan wani maƙwabcinsa mai talabijin da janareta, daren wasan ƙarshe da Bayern Munich. Manya sun cika falo, mu yara muna ƙasa a kan tabarma, an hana mu ko tari. Har minti casa'in ana cin mu ɗaya, kawu ya riga ya sa hularsa zai tafi. Sheringham ya farke, kafin a gama ihu Solskjaer ya ƙara. Hular kawu ba a gan ta ba sai washegari, a bayan kujera. Na ga daren Mosko a 2008 da Terry ya zame a ruwa, 'yan Chelsea na unguwarmu suka yi sati ba sa zama a majalisa. A lokacin in an ci mu ɗaya ana saura minti goma, ba mai tashi daga benci, don kowa ya san akwai magana a gaba. Abokan hamayya ma sun sani, shi ya sa suke fara addu'a. Wannan ce ƙungiyar da na sani, kuma da ita nake auna wadda ake ce min ana ginawa. Firimiya goma sha uku dattijon nan Ferguson ya ci mana. Da ya tashi tafiya ya tsaya a tsakiyar fili ya roƙe mu mu mara wa sabon koci baya. Mun mara, Baba. Mun mara wa shida, bayanmu har ya ƙage.

Kuma maganar da ba a so a yi ita ce ta masu gidan. Magini ba ya rushe gini sai da izinin mai gida. Iyalan Glazer sun sayi ƙungiyar nan a 2005 da kuɗin bashi, suka juya suka ɗora bashin a wuyan ƙungiyar, ƙungiyar da kafin zuwansu ba ta da wannan nauyin. Kamar mutum ne ya ci bashi ya sayi motarka ta haya, sannan ya ce motar ce za ta biya bashin, shi kuma kullum da yamma ya zo ya karɓi balas. Shekara ashirin kenan. Da attajiri Ratcliffe ya sayi kasonsa na ƙungiyar a 2024 aka ba shi ragamar harkar ƙwallo, har da ni a masu murna, Allah ya yafe min. Me ya fara yi? Ya sallami ɗaruruwan ƙananan ma'aikata, ya soke abincin rana na kyauta, ya yanke kuɗin da ake ba Ferguson na jakadanci. A shekarar dai suka tsawaita wa Ten Hag kwantiragi a Yuli suka kore shi a Oktoba, suka biya shi. Suka ɗauko daraktan wasanni, Ashworth, da kuɗi da jiran watanni, wata biyar suka sallame shi, suka biya shi. An hana mai shara abinci an ba wanda aka kora miliyoyi. Wannan shi ne ginin.

Ku dubi kuma waɗanda suka tsira. McTominay da aka ce bai kai ba, ya je Napoli ya ci gasar Italiya a shekararsa ta farko, aka ba shi gwarzon gasar. Antony da muka mayar abin barkwanci a duk majalisar Kaduna, ya je Betis aro ya koma mutum. De Gea ya ci kyautar golan da ya fi kowa hana ƙwallo shiga a 2023, a shekarar aka bar shi ya tafi kyauta, aka kawo mana wanda muka gani jiya. In kowane iri ka shuka ya ƙi fitowa, maƙwabci ya ɗauka ya shuka ya yi yabanya, sai ka daina zagin iri ka duba ƙasar gonarka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a gida. Ɗana na fari an haife shi a 2014. Bai taɓa ganin United ta ɗaga Firimiya ba, ko sau ɗaya. Na saya masa jar riga a Kasuwar Barci tun yana rarrafe. Kwanakin baya muna cin tuwo ya ɗago kai ya ce, "Abba, wai da gaske ne da can ana tsoron Man U?" Ba da tsokana ya tambaya ba, tambaya ce irin wadda yaro ke yi game da jirgin ƙasan da ake ba shi labari. Uwarsa ta kawar da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Yanzu rigar Haaland yake so. Na ce ba da kuɗina ba. Amma in faɗa muku gaskiya, na rasa hujjar da zan ba shi. In ce masa me? Ana gini?

Da safen nan ko shayi ban sha a wurin da na saba ba. Mai shayinmu ɗan Liverpool ne, tun watan Afrilu da suka kamo mu a kofin gasar Ingila ashirin yake zuba min madara da waƙa. Na hango shi daga nesa ya riga ya fara washe baki, har ya ajiye ludayi yana jira, sai na yi kamar ana kirana a waya na sha kwana. Mutum da iyalinsa, da furfura a gemu, yana ɓuya a layinsu saboda wasu yara masu karɓar albashin da ya fi kasafin wata ƙaramar hukumar, waɗanda ko sunan Kaduna ba su taɓa ji ba.

Kawun nan nawa da ya jefa ni cikin wannan, shi tuni ya yi ritaya daga United. Da na kira shi ɗazu dariya ya yi ta yi, ya ce alhakin Ranchers Bees ne yake bin mu. Wai a zamaninsu filin wasa na Ahmadu Bello cika yake tun azahar, mutane daga Zariya da Kafanchan, a zo a ga Ranchers, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, wadda Amokachi ya taso a cikinta yana yaro. Kaduna fa, garin da ya haifi Tijjani Babangida da Garba Lawal da Babayaro. Ko Kaduna United da ta ɗauko kofin ƙalubale a 2010 a hannun Enyimba, mu nawa ne muka san sunan 'yan wasanta biyar a lokacin? Muna can gidan kallo muna faɗa a kan Rooney. Na ce masa, "Kawu, kai fa ka kai ni gidan mai janareta." Ya ce shi kai ni ya yi in ga wasa ɗaya, bai ce in tare a can ba. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa ne wasan Burnley ranar Asabar, wai in biyo in ɗauke shi, amma in zo da lema don rufin gidan kallon namu ma yoyo yake ta wajen bencin baya.