Fenti ba ya mayar da dokin Bature ɗan lifidi

'Yan uwa masu sha'awar haɗa ƙananan mutum-mutumin mayaƙan dawaki da yi musu fenti, don Allah mu daina bin gajeriyar hanya. Mutum ya sayi kwalin barade na Turai, ya zane rigar dokin da ja da rawaya, ya murɗa wa mahayin rawani, ya ɗora hoto ya rubuta ɗan lifidin Kano. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe zai gane ba shi ba ne tun daga nesa. Rigar dokin Bature ƙyalle ne sake-sake da iska ke kaɗawa. Lifidi kuwa katifa ce da aka cusa wa auduga aka ɗinke, tana da kauri da nauyi, tana saukowa a miƙe har wajen gwiwar doki. Bambancin a siffa yake, kuma burushi ba ya gyara siffa. Kayan da Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400, suka shigo tare da sulke da kwalkwali, sun cancanci a gina su da hannu.

Daga zaɓen doki ake fara kuskure. A ma'aunin milimita 28 (wato tsayin ɗan mutum-mutumin), wanda ya yi kusan kashi 1 cikin 56 na ainihin girma, dawakan roba na kamfanin Perry Miniatures da na Gripping Beast suna karɓar wuƙa da gam. Ka ɗauki na mahaya marasa nauyin kayan yaƙi, ka bar ƙattin dawakan yaƙin Napoleon, don namu ba su kai su jiki ba. Sannan ka zaɓi mai takawa ko wanda ke tsaye. Dokin da ke ɗauke da lifidi da mutum mai lifidi ba ya sukuwa ƙafa huɗu a sama, kuma ƙafafun da suka baje wahala kawai za su ba ka wajen rufewa. Su kuwa na ma'aunin 1/72 masu laushin roba, gam ba ya kama su da kyau, fenti ma ɓarewa yake yi in mashi ya lanƙwasa. Ba na ba mai koyo shawarar ya fara da su.

Ka wanke dokin da ruwan sabulu, ka kankare layin da zubi ya bari da bayan wuƙa, ka aske jakunkuna da bargon da ke jikinsa. Sirdin ma a gyara shi: namu yana da tudu gaba da baya, ɗan guntun roba biyu sun isa.

Yanzu ga inda aikin yake. Ka kwaɓa Green Stuff, ƙullun sassaƙa mai sandarewa da kansa, rabi rawaya rabi shuɗi, har launin ya zama kore ɗaya babu zane. In ka haɗa shi da Milliput, wani ƙullun da ya fi shi tauri in ya bushe, daidai wa daida, ya fi, domin Green Stuff zalla kamar cingam yake, ba ya jin samfefa bayan ya bushe. Ka bar ƙullun ya huta kamar minti 20 danƙonsa ya ragu, sannan ka murza shi tsakanin leda biyu da ka shafa wa ɗan basilin. Kaurin kada ya wuce milimita 1. Yi lissafi: milimita 1 a jikin wannan doki santimita biyar da rabi ne a zahiri. Wanda ya shimfiɗa milimita 3 ya ɗora wa doki katifar otal, shi ya sa ƙafafun mahayin ba sa zama, sai ka ga mutum yana lilo a sama. Tun ƙullun yana ɗanye ka danna mahayin a kan sirdi, ƙafarsa a jiƙe da ruwa, ya yi wa kansa gurbi, ka cire shi.

Kada ka rufe dokin a zama ɗaya. Ƙirji da wuya yau, ɓarin dama gobe, na hagu jibi. Mai gaggawa yana gyara hagu, babban yatsansa na dama yana goge ɗinkin da ya yi awa guda yana yi. Ka kuma tuna zafi yana sa ƙullun saurin sandarewa. Awa da rabin da ake samu a ƙasar sanyi, a watan Afirilu ba za ka samu ba, don haka kwaɓa kaɗan-kaɗan, kamar ƙwayar gyaɗa biyu.

Ɗinkin kuma dannawa ake yi, ba ja ba. In ka ja wuƙa, ƙullun zai biyo ta ya yage. Ka jiƙa bayan wuƙar, ka danna layuka a karkace, tazarar milimita 2, ka sake danna wasu su gitta su. Kowane gida zai ɗan kumbura da kansa, wannan kumburin shi ne audugar. Gefen ƙasa ka yanke shi tsaf bayan ya bushe, kofato da ɗan sangali su fito.

Mahayi bai kai haka wuya ba. Rigar lifidi a jiki, kwalkwali mai tudu, gashin jimina daga ɗan zaren ƙullu da aka tsattsaga da allura. In takobin da ke kwalin lanƙwasasshe ne, cire shi. Takobinmu miƙaƙƙe ne, a kafaɗa ake rataya shi da hamila. Mashin roba karyewa zai yi, ka huda hannun ka zura wayar tagulla mai kaurin milimita 0.8, tsawon milimita 40, ka daddaƙe bakin da guduma ka goge shi ya yi tsini. Linzami kuwa siririyar takarda ce da aka jiƙa da sufa gulu. In akwai wuri a kan faifan da dokin ke tsaye, sa zagi a gefe, don mai lifidi ba ya tafiya shi kaɗai.

Kafin fenti, sake wankewa. Basilin ɗin da ya taimake ka ɗazu shi zai hana fentin share fage kamawa. Share fagen da ruwan ƙasa mai haske, don ja da rawaya a kan baƙi mutuwa suke yi, sai ka yi shafi biyar kana cike ɗinkin da ka sha wahala a kai. Fentin ruwa irin na Vallejo, ɗigo ɗaya da ɗigon ruwa ɗaya, shafi biyu ko uku. Ka fitar da facin lifidin mai kusurwa uku-uku, ja, rawaya, shuɗi, sannan ka zuba tsinkakken ruwan ƙasa mai duhu ya kwanta cikin ɗinki. Baƙi a nan datti yake kawowa. A lokacin hunturu fenti yana bushewa a bakin burushi kafin ya isa jikin doki, sai ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a murfin roba, ka ɗora takardar gashin burodi, ka riƙa kwaɓawa a kai, kuma ka kife kwano a kan aikin saboda ƙura.

Abu biyu ne ke ƙona min rai a hotunan da ake yaɗawa. Na farko fatar mutum: ana haskaka ta da fari, sai fuska ta fito toka-toka kamar ta wanda bai shafa mai ba. Ka fara da ruwan ƙasa mai duhu da ɗan ja a ciki, ka haskaka kumatu da hanci da ruwan goro. Na biyu dawakai duk launi ɗaya. Muna da akawal, muna da kili, da hurde, da danda mai fararen ƙafafu, kuma tunda lifidi ya rufe jiki, a fuska da ƙafa da wutsiya kawai za a ga wannan, sai a ba su lokacinsu.

A ƙarshe banish marar ƙyalli a kan lifidi gaba ɗaya, tunda auduga ba ta walƙiya. Rawanin shuni irin ɗan Kura kaɗai za ka taɓa da mai ɗan sheƙi, da burushi, saboda bugun da ya sha. Kada ka fesa banish ranar da hadari ya haɗo. Laimar iska tana sa shi ya yi fari kamar an barbaɗa gari, sai ka jira rana ta buɗe, ka fara gwadawa a kan wani tsohon doki.