Ba rubutu kaɗai malaman nan suke yi ba

Wani labari da na karanta ya ce aikin masu koyar da dokokin ƙasa da ƙasa bai wuce takarda ba. Gaskiya ban yarda ba. Ku dubi marigayi Farfesa Sharif Bassiouni, Bamisiren da ya koyar a Jami'ar DePaul ta Shikago. A 1993 ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai binciken ta'asar yaƙin tsohuwar Yugoslabiya. Kuɗi suka yi ƙaranci, sai ya mai da jami'arsa ma'ajiyar shaidu, lauyoyi da ɗalibai masu sa kai suna tattara bayanan kaburburan bai-ɗaya da na matan da aka yi wa fyaɗe. Allah Ya jiƙansa. A 1998 kuma shi ya jagoranci kwamitin tsara rubutun yarjejeniyar Rum, wadda ta haifi kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, wato ICC.