A wasan ches na intanet, in ka ajiye doki ka ajiye shi kenan

Duk wanda ke buga ches a Lichess, shafin buga ches na intanet, ya san wannan saƙon: ana tsaka da wasa abokin karawarka ya ajiye sarauniyarsa a bakin dokinka, kafin ka ci sai ga roƙo ya faɗo wai don Allah a bar shi ya janye. Ni dai ra'ayina a fili yake, in wasan maki ne, wato wanda ke ƙara ko rage lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, kada ma a bar wannan maɓallin ya fito.

A kan allo na gaske dokar FIDE, hukumar ches ta duniya, ba ta da wasa, abin da ka taɓa shi za ka motsa, in ka saki hannu kuwa magana ta ƙare. Har yau ba a daina maganar gasar Linares ta Sifen a 1994 ba, inda gwarzon ches Garry Kasparov ya ajiye doki yana wasa da Judit Polgar, yarinya 'yar shekara 17 a lokacin, sannan ya sake kai shi wani gidan, kyamara ta nuna hannunsa ya rabu da dokin na ɗan ƙiftawar ido, kuma shi ya ci wasan. Shekara 30 da ɗoriya ana tuna masa, saboda kowa ya san ai nan ne ƙashin bayan wasan, ka yi lissafi kafin hannunka ya tafi. Motsi a ches zarar bunu ne.

Masu son a bari suna da hujja, ba zan raina ta ba. Yatsa kan zame a waya, maus kan saki abu a gidan da ba a nufa ba, mutum zai yi motsin ɓoye sarkinsa a bayan hasumiya sai sarkin ya taka gida ɗaya maimakon biyu, wannan kam ko makaho ya san ba niyya ba ce. Abin da ciwo wallahi.

To amma fa wa zai tantance? Mafi yawan lokuta ba ka da hanyar gane zamewar hannu da kuskuren tunani, mutum ya ajiye ne sai daga baya idonsa ya buɗe. Kuma roƙon nan ɗora wa wanda bai yi laifi ba nauyi ne, in ka ƙi a ce ba ka da kirki, in ka yarda ka bayar da nasarar da ta halatta gare ka, ga agogonka na ta tafiya kana shawara, a wasan minti 3 wannan kaɗai ya isa ya rikita mutum. Sannan makin nan ba na mutum biyu ba ne kawai, da shi ake haɗa kowa da tsararsa, in wasu na yafe wa juna wasu ba sa yi to lambar ta daina faɗin gaskiya.

Wasan koyo daban ne. Malami da ɗalibi, ko kai da kwamfuta, ko abokai a wasan da ba maki, a janye sau goma ma, ai ta haka ake gane inda aka kauce.

Lichess ta ba kowa zaɓi a saitinsa: ko a yarda da janyewa kullum, ko a wasan da ba maki kaɗai, ko a rufe gaba ɗaya. Na tsakiyar nan shi ya kamata ya zama doka ga kowa, ba zaɓi ba. Wanda kuma yatsansa ke yawan zamewa, akwai saitin da zai tambaye shi ya tabbatar kafin motsin ya tafi, ya kunna shi a dogon wasa, zai ci masa daƙiƙa ɗaya ko biyu amma daga nasa agogon za a cire.