Zanen bayan taya ma yana da mai shi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon faci a Jidda, wanda mutanen nan ke kira banshar, ya san yadda direba ke sayen taya. Ba ruwansa da rubutun gefe. Durƙusawa yake yi, ya shafa bayanta da tafin hannu, ya zura yatsa cikin ramukan zanen, sannan ya ce irin wannan yake so. Kwanan baya, a wani shago da ke wajen Karantina, na tarar an jera wa wani dattijo mai jigilar masu Umara tayoyi biyu. Zanensu kamar an tsaga kara, amma kuɗinsu ko kusa. Yaron shagon, Bahaushe haifaffen nan, ya ce, "Baba, zanen ne kawai ya zo ɗaya, robar ba ɗaya ba ce." Dattijon ya yi shiru yana jan carbi.

Wannan shirun ne ya sa nake goyon bayan a kare zanen taya a doka. Mai kwaikwayon zanen wani ya san da ido ake ciniki, shi ya sa yake ara wa kayansa rigar da ba tasa ba. Kuma a ƙasar da kwalta ke ɗaukar zafi kamar tanda a lokacin bazara, ga hanyar Makka zuwa Madina ta haura kilomita 400, taya mai kyan gani da ruɓaɓɓen ciki tana iya cin rai.

Dokar tana nan. Tun 2004 Saudiyya ke da dokar da ta haɗa ƙirƙire-ƙirƙire da zanen kayan masana'antu, kuma a 2023 aka tsawaita wa'adin kariyar zane daga shekara 10 zuwa 15. A tsarin Locarno, wanda ake rarraba zane-zane da shi a duniya, taya tana da gurbinta, rukuni na 12-15. A Riyad ɗin nan ne ma ƙasashen WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, suka amince da yarjejeniyar sauƙaƙa rajistar zane, ranar 22 ga Nuwamba, 2024. Tunda asusun zuba jari na gwamnati da kamfanin Pirelli sun sanar a 2023 cewa za su kafa masana'antar taya a ƙasar, batun ya tashi daga na baƙi ya zama na cikin gida.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Ramukan nan ba kwalliya kaɗai ba ne. Su ke korar ruwa daga ƙarƙashin taya, su ke riƙe ƙasa idan an taka birki, jerinsu kuma ke rage ƙara. Dokar zane siffa take karewa, ba aiki ba. Idan aka bar babban kamfani ya yi wa hanyar korar ruwa rajista da sunan ado, ya tare wa ƙananan masu ƙera taya hanya ke nan, kuma talakan direba ne zai biya kuɗin. A 2021 wata kotun tarayya a Chicago ta ƙi amincewa da zanen wata tayar kamfanin Toyo a matsayin alamar kasuwancinsa, saboda ta ga zanen aiki yake yi. Masu duba takardun rajista a nan su ma irin wannan tankaɗen ya kamace su.

Hukuncin da ya fi burge ni shi ne na shari'ar da kamfanin taya na Goodyear ya kai takwaransa Hercules kan kwaikwayon zane a Amurka, a 1998. Kotu ta ce idon da za a auna kamannin da shi shi ne na direban babbar mota ko mai motocin haya, wato mutumin da ke ciro kuɗi daga aljihunsa. Da wannan ma'aunin Goodyear ya faɗi. Ni dai na so a ce idon da aka ɗauka bai kai haka ƙwarewa ba, don ba kowane mai saye ne ya tsufa a kan hanya ba.

Takardar rajistar zane kuwa ba ta cewa komai game da ingancin roba, wannan aikin SASO ne, hukumar kula da ingancin kaya ta Saudiyya. Yaron shagon ya fi ni sanin haka. Mirgino tayar mai arha ya yi, ya goge gefenta da tsumma, ya nuna wa dattijon lambobi huɗun ƙarshe: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekarar. Dattijon ya laluba aljihu ya ciro tabarau.