Bishop ɗin da ya zuba kuɗin aljihunsa a maɗaba'ar Oxford

Wanda ya taɓa buɗe ƙamus ɗin Hausa na Bargery, wanda aka buga a 1934, ya ga sunan Maɗaba'ar Jami'ar Oxford a shafin farko. Sunan yana da kwarjini har mutum ya zaci tun asali haka take. Alhali a tsakiyar ƙarni na 17 jami'ar tana da izinin buga littattafai amma ba ta da injin ɗab'i nata ko ɗaya. Malaman coci ne suka tsaya mata. Ra'ayina shi ne yabon da ake yi wa ɗaya daga cikinsu, Bishop John Fell, ya cancanta, sai dai a faɗe shi tare da laifinsa.

William Laud, Babban Bishop na Kantabori kuma shugaban jami'ar, shi ya samo mata takardar izini daga Sarki Charles na Ɗaya a 1636, ta buga kowane irin littafi. A shekarar kuma ya kafa kujerar koyar da Larabci, ya ɗora Edward Pococke a kai. Yaƙin basasa ya tarwatsa shirin, aka fille wa Laud kai a 1645. Izinin ya zauna a takarda, jami'a tana karɓar fam 200 a shekara daga ƙungiyar masu ɗab'i ta Landan don kada ta yi gasa da su wajen buga Littafi Mai Tsarki da sauran littattafan da ke da kasuwa.

A nan Fell ya shigo. An kore shi daga kwalejin Christ Church a 1648 saboda yana bayan sarki, ya dawo a matsayin shugabanta a 1660, daga baya ya zama Bishop na Oxford. Abin da ya fi burge ni game da shi, ya gane cewa maɗaba'a ba suna ba ce, kayan aiki ce. Da aka gama ginin zauren taro na Sheldonian a 1669, sai ya sa aka kafa injuna a cikinsa. Ya sa wani malami da ke zaune a Holan, Thomas Marshall, ya yi ta bin masu zubin ƙarfe yana sayen haruffa da mazubansu. Ya ɗauko gwanin sassaƙa haruffa, Peter de Walpergen, ya zaunar da shi a Oxford. Ya ƙarfafa masana'antar takarda a ƙauyen Wolvercote. Ka duba bishop guda, ga coci ga kwaleji a wuyansa, yana damuwa da siririn ƙarfen da ake sassaƙa harafi ɗaya a bakinsa, wanda bai kai tsawon yatsa ba. Da shi da abokansa uku suka ɗauki hayar izinin daga 1672, suna biyan jami'a fam 200 ɗin nan daga aljihunsu.

Littattafan ilimi ba sa mayar da kuɗi, jiya da yau. Fell ya buga Sabon Alkawari da Girkanci a 1675, ya fitar da ayyukan Cyprian, bishop ɗin Kartaj, a 1682, duk masu sayensu 'yan ƙalilan ne. Da asara ta yi yawa, a 1678 ya jawo 'yan kasuwar littattafai daga Landan, cikinsu har da Thomas Guy, su riƙa buga Littafi Mai Tsarki mai araha da sunan Oxford. Wasu za su ce ya mayar da littafin addini haja. Ni ban ga haka ba. Talaka ya samu littafinsa da rahusa, ribar kuma ta riƙe aikin da ba wanda zai biya. Daga baya cinikin nan ne ya ciyar da maɗaba'ar ɗaruruwan shekaru. Kuma a garin nan, a zamanin nan, aka buga littafin Hayyu bin Yaƙzan na Ibn Ɗufail da Larabci da Latin a 1671, aikin ɗan Pococke, ɗaya daga 'ya'yan kujerar da Laud ya kafa.

To, amma mai ba ka abinci shi ke so ya riƙe maka cokali. Anthony Wood ya yi shekaru yana tono tarihin Oxford. Fell ya ɗauki nauyin fassara shi zuwa Latin da buga shi a 1674, sannan ya bi rubutun yana gogewa yana ƙarawa ba da yardar mai shi ba. Inda Wood ya yabi masanin falsafa Thomas Hobbes, Fell ya juya maganar. Da Hobbes ya koka, sai Fell ya ƙara shafi a littafin ya kira shi dabba mai saurin fushi da girman kai. Wannan zalunci ne ga marubuci, kuma kuɗin da Fell ya kashe bai wanke shi ba. Shi ne kuma a 1684 ya zartar da umarnin Sarki Charles na Biyu na korar masanin falsafa John Locke daga Christ Church. Masu kare shi suna cewa umarnin sarki ne, ya ma nemi a jinkirta. Gaskiya ne, amma a lamarin Wood babu sarkin da ya tilasta shi.

Fell ya rasu a 1686, ya bar wasiyya haruffan su koma hannun jami'a, suka kuma koma bayan 'yan shekaru. An sake tono su a ƙarni na 19 aka ci gaba da ɗab'i da su. Maɗaba'ar ta buɗe reshe a Ibadan a 1949, wanda yanzu ya zama University Press Plc.