"Ni haka Allah ya yi ni"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya bayan la'asar muna zaune majalisa nan Gusau, wani bawan Allah mai shekara arba'in da ɗoriya ya wanke ƙanensa da zagi kan kuɗin cajin waya, naira ɗari biyu kacal, da anka ce mishi Malam a yi haƙuri mana sai ya ce "ku ƙyale ni, ni haka Allah ya yi ni, hali zanen dutse ne." Wallahi da maganar nan na kwana.

Eh, ba iri ɗaya anka halicce mu ba. Kowace uwa ta sani, cikin ɗiyanta akwai wanda tun yana goye in ya ji yunwa sai unguwa ta sani, akwai kuma wanda sai an tuna da shi. Annabi (SAW) ya ce mutane ma'adinai ne kamar na zinari da azurfa, zaɓaɓɓunsu a jahiliyya su ne zaɓaɓɓu a Musulunci, amma da sharaɗi, idan sun fahimci addini. Mu Zamfarawa ba sai an yi muna dogon sharhi ba. Duk wanda ya taɓa leƙa wurin haƙo a Anka ko Bukkuyum ya san ba a ɗauko dutse daga rami a nufi kasuwa da shi, sai an daka an niƙa an wanke. Kuma dutsen nan mai zinari shi ne mai gubar dalma da ta ɓulla a 2010 ta kashe yara ɗaruruwa, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, Allah shi jiƙansu, don cikin gidaje ake niƙa shi. To zafin zuciya haka yake. Sayyidina Umar mai zafi ne kafin ya musulunta, bayan nan ma zafin bai gushe ba, gaskiya ya koma karewa da shi. Kai naka cikin gida kake niƙa shi, matarka da yara ke shaƙar ƙurar.

Abin da ya fi damuna shekarun mutumin. Allah ya faɗi tafiyarmu cikin Suratur Rum aya ta 54, rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Yaro ɗan shekara 7 ake umurta da salla, tun iccen yana ɗanye. Arba'in kuwa da sunanta anka ambace ta a Suratul Ahƙaf aya ta 15, mutum ya roƙi ikon godiya kan ni'imar da anka yi mishi shi da mahaifansa, ya ce a gyara mini zuriyata, na tuba. Ko masanin halayyar nan Erik Erikson da ya zauna Amurka, da ya kasa rayuwa mataki 8, cewa ya yi matashi neman sanin ko shi wane ne yake yi, magidanci kuwa ko dai ya raini na bayansa ko ya tsaya cik yana hidimar kansa, tsoho kuma ya waiwaya ya samu natsuwa ko ya ciji yatsa. Ba wahayi ba ne maganarsa, amma nan kam ya hango wani abu.

Ɗan shekara goma sha biyar ya yi tsiwa mu ce ƙuruciya. Kai mai furfura a gemu me za mu ce?

Kakata, Allah shi gafarta mata, da tsufa ya kama ta sosai sunayenmu duk sun ɓace mata, ni kaina sai ta ce wane ne wannan. Amma ko wa ya yi sallama, tana kwance kan tabarma za ta ɗago kai ta ce, an ba baƙo ruwa? Wani lokaci sau uku huɗu kafin mutum ya tashi.