Ba karatu ɗalibai suka tsana ba, yadda ake koyar da littafin ne

Yarinyar da ke raba dare tana bin labari babi bayan babi a zauren WhatsApp, har da biyan kuɗin shiga, ita ce malami zai ce ba ta son karatu. Littafin da aka ɗora mata a makaranta ne ba ta so, kuma a ganina laifin ya fi yawa a kan yadda ake koyar da shi.

Hukumar jarrabawa ta WAEC kan sauya littattafan adabi bayan shekara biyar. A jerin 2021 zuwa 2025 akwai Wuthering Heights, wanda ya fito a 1847, ga kuma wasan Shakespeare. Yaron Gangare ko Unguwar Rogo a Jos da ya tashi da Hausa a gida, idan ya ci karo da baƙin kalmomi goma a shafi ɗaya, kafin shafi na uku ya ajiye. Ko littattafan Hausa ba su tsira ba. Ɗan Jos na iya buɗe Magana Jari Ce ya tsaya cak a kan zagi ko figini, domin bai taɓa ganin hawan sarki ba.

Ga darasi na minti 40, ga aji cike, ga littafi a hannun 'yan ƙalilan. Sai malami ya ɗauki alli ya jera jigo da salo da sunayen taurari, yara su kwafa. Kafin su buɗe babin farko an riga an gaya musu wanda zai mutu a ƙarshe. To me ya rage da zai ja su? Daga nan sai kasuwar Terminus, a sayo ɗan littafin taƙaitawa a haddace. Wanda ya daure ya sayi cikakken littafin ma, sau da yawa bugun sata ne, tawada ta koɗe, wasu shafuka babu.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar manhaja. Littafi mai shafi 180, a cire makon bita da na jarrabawa, a raba shi mako goma: shafi 18 kowane mako. Malami ya fara da bayanin kalmomi biyar masu wuya, ya karanta da murya na minti 15, ya tsaya daidai inda labari ya ɗauki zafi. Sauran lokacin na muhawara ne, ko da Hausa aka fara kafin a koma Turanci. Kada a ba da rubutun jigo sai an kai shafin ƙarshe. Wasan kwaikwayo kuwa a raba wa yara su tashi su yi shi a gaban aji, don haka aka rubuta shi.

Batun rashin kuɗin sayen littafi gaskiya ne, amma tunda jerin zai yi shekara biyar, ƙungiyar iyaye da malamai na iya sayen kwafi 30 na asali, mutum biyu su haɗu a kan ɗaya, a riƙa kulle su a ofis bayan darasi. Sannan a ware wani kaso na makin gwajin aji, a buɗe wa ɗalibi shafi ya karanta, ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Wannan tambaya ce da ɗan littafin Terminus ba zai amsa masa ba.